Dije Na Kaka

A Tudun Wadan Gusau aka yi wannan, cikin hunturu, saura kwana huɗu kamun wata 'yar gidan. Auta ya kife turmi a tsakar gida ya ɗora laftof a kai, gefe ga wani ɗan allo mai faifai biyu da maɓallai rututu da ya aro wajen abokinsa Mai Caji, ga hedifon rataye a wuya kamar laya. Kaka na bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, tun hantsi take kallonsa ta wutsiyar ido har dai haƙurinta ya ƙare.

KAKA: Kai maigidan, mi kaka yi da wanga abu mai kai biyu awa risho? In girki za ka yi ɗora min ruwan zahi.

AUTA: Kaka ba risho ba ne, kwantirola ce. Koyo nake yi, so nake na zama DJ.

KAKA: Ka zama wa?

AUTA: DJ.

KAKA: Dije?! Innalillahi. Ran sunanka da hannuna nid dama hura, rago anka yanka mai ƙaho, ubanka har bashi yac ci, yanzu duk duniya ka rasa wanda za ka zama sai Dije? Wace Dijen ma, mai ƙosai ko ta bakin masallaci?

AUTA: Haba Kaka, Di da Je, baƙaƙe ne guda biyu na Turanci. Mai haɗa kiɗa a wajen biki.

KAKA: To makaɗi ke nan.

AUTA: A'a ni ba na kiɗa.

KAKA: Mawaƙi.

AUTA: Ba na waƙa.

KAKA: Maroƙi?

AUTA: Allah ya kiyaye. Waƙoƙin wasu nake sakawa mutane su yi rawa, kuma ni ba ma sana'a na ɗauke shi ba, don nishaɗi kawai nake yi.

KAKA: Ai rediyona ma shina sa waƙoƙin wasu, kuma bai taɓa cin tuwona ba.

AUTA: Rediyonki in waƙa ta ƙare sai ya yi shiru kafin wata ta fara, a shirun nan masu rawa ke komawa kujera. Aikina kada a ji shirun. Kin ga faifan hagu waƙa ɗaya ce, na dama wata ce daban, wannan ɗan abin na tsakiya da ke zamewa kurosfeda sunansa, in na tura shi hagu ta hagu za a ji, in na tura dama ta dama, in yana tsakiya duka biyun. Shi kuma hedifon da shi nake sauraren wadda za ta shigo ni kaɗai tun mutane ba su ji ta ba, in gyara ta tsaf sannan in sake ta.

KAKA: Wato ɗanɗana miya kahin a kai ma maigida.

AUTA: Yauwa! Kin gane ke nan.

KAKA: Na gane kishiyoyi biyu ka aje, kana raba musu kwana da ɗan yatsa. Wa yak koya ma wagga wahala?

AUTA: A YouTube nake gani. Kuma abin nan yana da tarihi fa, ba shiririta ba ce. Akwai wani mutumin Jamaika ana ce masa Kool Herc, a unguwar Bronx can New York…

KAKA: Wajen Bunguɗu?

AUTA: Amurka, Kaka. Ranar 11 ga Agusta 1973 ƙanwarsa ta shirya casu don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta, kuɗin shiga mata santi 25 maza santi 50, shi ya yi musu kiɗa. Ya lura mutane sun fi haukacewa a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna zalla, amma wurin gajere ne, sai ya riƙa sayen faifan garmaho iri ɗaya guda biyu, wannan na ƙarewa ya saki wancan, yana ta maimaita wurin. Daga nan hip-hop ya samo tushe.

KAKA: To shi dai ƙanwa tai ta samu kayan makaranta. Kai taka aure za ta yi ko cokali ba ka saya mata ba.

Auta ya yi kamar bai ji ba, ya ɗora hannu kan faifan hagu yana ja gaba yana ja baya, sifika ta riƙa wani ƙiiƙi-ƙiiƙi har kajin gidan suka watse.

KAKA: Subhanallahi, ka ɓata ma mutane kaya!

AUTA: Sikirachin ne, susa ke nan da Hausa. Shi ma wani yaro ne a Bronx ɗin, Theodore, ya ce yana cikin ɗaki ya ƙure kiɗa uwarsa ta zo tana masa faɗa, sai ya dafe faifan da hannu don ya ji abin da take cewa, hannun na motsi gaba da baya, ya ji sautin ya yi masa daɗi. Kin ga faɗan uwa ne ya haifi susa.

KAKA: Ashe ko can ɗiyan ba su jin magana. Kai dai in ƙazwa ta ad da faifan a nemo mai sabulun salo.

Ana haka sai ga sallamar Baba Makaɗi, kalangu a hammata, ya zo karɓar goron biki. Shekararsa arba'in yana wa mahautan kasuwa kiɗa kuma babu auren da aka yi a gidan nan ba da shi ba, sai bana da Auta ya ce wa uwar biki a huta da kayan da, shi zai yi kyauta. Uwar biki da ta ji kalmar kyauta ba ta ƙara tambayar komai ba.

MAKAƊI: Hajiya barka da hutawa. Wanga shi na yaron da anka ce ya karɓe min aiki?

KAKA: Shi na. Dije, gaida babanka.

AUTA: Baba ina wuni. Ba karɓewa ba ne, zamani ne ya zo. Tsaya ka ji yadda ake haɗi.

Ya saki wata waƙar soyayya a hagu, ya kawo amapiano a dama, ya ja kurosfeda tsakiya. Abin da ya fito kamar jakuna biyu sun hau kwalta kowa da inda ya nufa.

MAKAƊI: Tsaya, tsaya. Ta dama ta hi gaggawa. Kowane taki sai ta tsere ma 'yar'uwatta kaɗan.

AUTA: (ya leƙa laftof) Ta hagu 104, ta dama 112… Baba ya aka yi ka sani? BPM ake ce masa, yawan bugu a minti ɗaya, sai an duba allo ake gani.

MAKAƊI: Ni kunne garan, ba allo ba.

AUTA: To ai da sauƙi, ga wani maɓalli nan sinki, ina dannawa kwamfuta za ta daidaita saurinsu da kanta. Ka ji? Sun hau layi ɗaya.

KAKA: Ashe maɓallin shi ad Dije. Kai ɗan rakiya na.

MAKAƊI: Sauri ya daidaita amma ka shigo ma mai waƙa cikin baki. Ba a haka. Mai waƙa shina da inda shika aje numfashi, nan 'yan amshi ka ɗauka. Ka taɓa jin 'yan amshi sun ɗauka uban waƙa bai aje ba? Sai a kore su.

AUTA: Ikon Allah, abin da Baturen bidiyon ya yi minti ashirin yana bayani ke nan. Ya ce a ƙirga ɗaya biyu uku huɗu har sau takwas, bugu 32, a kan ɗayan farko ake shigo da sabuwa. Ni kuma ina kaiwa sha wani abu sai lissafin ya ɓace min.

MAKAƊI: Don da baki kaka ƙirga. Da ƙahwa aka yi. Kuma wanga gurnani da nika ji, manyan ganguna biyu na ka magana lokaci guda, ko gidan sarki ba a yin haka, guda ta yi shiru guda ta hwaɗi.

AUTA: Bes ne, sai na murɗe na ɗaya kafin na buɗe na ɗayar, na manta. Baba kai ma YouTube kake kallo ne?

MAKAƊI: Mi an nan?

Nan Auta ya ɗan sauko, ya sake ba Baba labarin Kool Herc da faifai biyu, har ya nuna masa maɓallin luf, wanda in ka danna yake kama guntun waƙa ya yi ta juya shi ba iyaka.

MAKAƊI: Yo wanga ai tsohon zance na. In mace ta shigo hili tana liƙi, wurin da yam motsa ta nika tsayawa, ina murza shi ina murza shi har sai na ga gindin jakarta. Kai gilashi kaka kallo. Ni jakar mata nika kallo, da ƙahwahunsu, in ƙahwa ta yi sanyi in canza hannu tun ba ta nemi kujera ba.

Baba ya karɓi goronsa ya tafi yana murmushi, ya ce ran kamu zai leƙo ko don a ci shinkafa. Ni dai a ganina tun a nan ya kamata Auta ya bi shi ya riƙe masa kalangu na wata uku, amma yaro da gashin baki sabo.

Ana gobe kamu filashin Auta ta cika, sai ya lallaɓa ya ari memorin rediyon Kaka don ya ƙara waƙoƙi.

KAKA: Ka goge min abu guda ka ga yadda aka tsine ma miji. Kuma jingina nika so, ba ni wancan na wuyanka.

AUTA: Hedifon? Me za ki yi da shi?

KAKA: Sanyi ka shiga min kunne da dare. Na gwada shi jiya kana wanka, ya hi ɗankwali.

AUTA: Kaka da shi nake ɗanɗana miyar fa!

KAKA: Gwani ba shi ɗanɗane.

Wannan kalma ta gwani ita ta kashe shi, ya miƙa mata.

Ran kamu bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil, dangin amarya a dama, dangin ango da suka zo daga Ƙauran Namoda a hagu, an ja janareto can bayan gida, an ce a gama kafin magariba kada a jawo 'yan Hisba. Auta ya sha baƙin gilashi, Mai Caji na tsaye a kansa yana gadin kayansa, Baba Makaɗi na rakuɓe a zaure da farantin shinkafa, Kaka kuwa tana kan kujera 'yar tsugunno, hedifon a kan ɗankwali, ba ta jin ko tari.

MAI CAJI: Mutumina rage, ka ga fitilun sun koma ja, sifikar nan haya ce wallahi in ta fashe ba ruwana.

AUTA: Bar ni, fili ya ɗau zafi. Yanzu zan shigo da wadda na ajiye wa amarya.

MAI CAJI: Wacce? Duk sunayen iri ɗaya ne, AUD kaza AUD kaza.

AUTA: Ta ƙasan nan ce, na gane ta.

MAI CAJI: Ka saurara tukuna mana.

AUTA: Da me? Gwani ba ya ɗanɗane.

Ya ƙirga da ƙafa yadda Baba ya ce, kuma don Allah wannan karon a kan gaɓa ya shigo, ya murɗe bes ɗin hagu tsaf, ya tura kurosfeda dama gaba ɗaya. Sai ga muryar Kaka tar a cikin sifika, saƙon da ta sa aka ɗaukar mata za a tura wa ƙanwarta.

SIFIKA: …ke dai bari 'yar'uwa, na ga lehen da idona, akwati huɗu sai iska, atamhwa shida kuma duk roba ta, uwar angon ko sai hura hanci taka…

Fili ya yi tsit. Hannun Auta na rawa ya kai zai kashe, ya danna luf.

SIFIKA: Duk roba ta. Duk roba ta. Duk roba ta.

UWAR ANGO: Muryar wa nika ji haka?

UWAR BIKI: Auta kashe! Kashe don ubanka!

AUTA: Ya maƙale, Anti, linzamin ya ƙi motsi!

MAI CAJI: Ni dai kwantirolata kada a fasa min.

Dangin ango sun fara gyara mayafi ana neman takalma, sai aka ji kalangu daga zaure. Baba Makaɗi ne, hannu ɗaya da maiƙon shinkafa, ya matse tsarkiya ya bi muryar daidai, kalangun na faɗin duk-ro-ba-ta ƙarara kamar da baki. Wata gwaggon amarya da tun ran kawo lefe abin ke cinta ta miƙe ta shiga fili ta fara liƙa masa 'yan ɗari biyu. Gwaggon ango ta ga abin ya zama gasa, ta warware atamfar jikinta ta nuna baki ta ce a zo a taɓa a ji in roba ce, ta shiga da 'yan ɗari biyar. Kafin ka ce kwabo ɓangare biyu sun cika fili, Baba na tsakiya yana murza wurin, idonsa na kan jakunkuna.

MAKAƊI: Dije, kar ka taɓa komi! Bar shi nan! Yau ka yi kiɗi!

AUTA: Baba ko kashi ɗaya cikin goma a liƙin nan…

MAKAƊI: Kai ka ce don nishaɗi kaka yi.

Can Kaka ta ga ƙura na tashi kowa na juyi, ta ɗaga hedifon daga kunne ɗaya, ta karkata kai ta saurara, ta fara gyaɗa kai.

KAKA: Kai Dije, wagga ta yi daɗi. Wace zabiya ta? Awa na san muryar.