Na'urar da ke tsaron numfashin bakwaini

Labarin nan na na'urar da ake ɗaura wa bakwaini a ƙafa, tana auna iskar oksijin da bugun zuciya, wallahi ya taɓa ni. 'Yar ƙanwata wata bakwai aka haife ta nan Sakkwato, ko kilo 1.5 ba ta kai ba. Irin waɗannan jarirai numfashinsu kan ɗauke cikin barci, shiru kake ji, kuma nas guda ba ta iya sa ido kan gado goma. Na'urar na yin ƙara, sai a ruga. Amma don Allah a haɗa ta da sola, wutarmu ba tabbas. Tamu jaririyar dai kwanciya ƙirjin uwa, fata da fata, ya tsallakar da ita sanyin hunturu.