Mai haɗa Sidecar na auna lemun tsami, mu kuma mun cika zoɓo da suga

Bari in faɗa tun da farko, ni bana shan giya kuma ba tallarta na zo yi ba. Aiki ne ya kai ni kusa da ita. Shekara ta uku kenan ina aikin kicin a wani gidan abinci anan Paris, kuma kullum bayan la'asar ni ke matse lemun tsami in tace in kai wa dattijon dake kula da bar ɗin, wani Bafaranshe mara yawan magana. In ruwan lemun ya kwana baya karɓa, da hanci kawai yake ganewa ya turo min abina.

Abin da aka fi nema a wajensa shi ne wani haɗin giya da ake kira Sidecar, abu uku ne kacal a ciki. Konyak (barasar inabi mai ƙarfi) mililita 50, Cointreau (barasar ɓawon lemu) 20, ruwan lemun tsami 20. Yana da ɗan ma'auni na ƙarfe mai baki biyu, mutumin nan ya fi shekara talatin a sana'ar amma ban taɓa ganin ya zuba da ka ba, sai ya auna, ya cika gwangwanin haɗawa da ƙanƙara ya girgiza da ƙarfi har jikin ƙarfen yayi raɓa, ya tace cikin kofin gilas da ya riga ya sanyaya. Daga ƙarshe ya yanko ɓawon lemun zaƙi ya murɗe shi a saman kofin, in kana tsaye ta gefen fitila wallahi kana ganin man ɓawon yana feshi. Masu son suga a bakin kofi rabi kawai yake shafa musu.

Shi ya bani tarihin. A 1922 aka fara rubuta haɗin a littafi, lokacin ukun daidai wa daida ake zubawa, zuwa 1930 a Landan aka ninka konyak ɗin. Ance sunan daga ɗan keken nan ne da ake liƙa wa babur a gefe, kuma har yau Paris da Landan kowa cewa yake nasa ne. Shi kansa konyak ba kowane barandi ake kira haka ba, sai na yankin garin Cognac da doka ta shata tun 1909, a dafa shi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe, ya zauna a gangar itace aƙalla shekara 2, mai tambarin VSOP shekara 4, mai XO shekara 10. Cointreau kuwa a garin Angers na Faransa ake yi da ɓawon lemu mai zaƙi da mai ɗaci. Ɓawon da mai lemu ke ferewa ya zubar a bakin tasha fa.

Toh nan ne abin ke min ciwo. Mu da Allah ya bamu zoɓo da tsamiya da citta da kanumfari, abin sha na halal da babu kamarsa, me muka mayar da su? Zoɓon innata a Damagaram in ka kurɓa tsamin ne ke fara gaishe ka, sannan yajin citta ya biyo a maƙogwaro, zaƙin yana can baya. Da naje gida bara na sayi na roba sau uku a wuri uku, duk ɗaya, suga da flebo mai ƙamshin abarba, ka sha ƙishin ya ƙaru. Gaskiya masu sayarwa suna da uzuri, yara zaƙi suke so, kuma citta tayi tsada, amma mu manya da muke saye muyi shiru muna da namu laifin. Ana loda busasshen zoɓo buhu buhu daga Jigawa zuwa Meziko, su can sun san darajarsa, anan ma unguwar Château Rouge in ka nemi bissap, wato zoɓon 'yan Senegal, da yawa sun fi kula da nasu akan yadda muke yi yanzu.

Wani zai ce iyayenmu basu taɓa aunawa ba kuma nasu yafi daɗi. Haka ne, ma'aunin na hannunsu. Amma inna ta rasu da nata, ƙannena mata uku babu wadda zoɓonta ya fito irin nata, kowacce sai tace "kamar haka take zubawa". Shi kuwa dattijon nan in ya bar aiki gobe yaron da ya koya wa zai haɗa abin da aka rubuta tun shekara ɗari.

Azumin da ya wuce na sayi ɗan sikeli na fara gwadawa ina rubutawa a bayan wani littafin oda. Inda na tsaya yanzu: zoɓo giram 40 a lita ɗaya, citta ɗanya giram 30, kanumfari 5, suga giram 70, ruwan lemun tsami mililita 30 sai ya huce ake zubawa, in ka sa da zafi ƙamshin guduwa yake. Ɓawon lemun a sama daga wajen dattijon na ɗauko. Na kai masa ya kurɓa, ya juya shi a baki yace in rage kanumfari ɗaya. Na rage, na tura wa babbar ƙanwata ta WhatsApp, tace ya kusa amma na inna akwai ɗan masoro.