Mudun Allah ba bugagge ba ne

Jiya Lahadi a sujada aka karanta mana Afisawa 5:1, wurin da Bulus ya ce mu zama masu koyi da Allah kamar yadda 'ya'ya ƙaunatattu ke yi. Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Yau da safe na shiga kasuwa auno masara, sai na tsaya wurin wata 'yar'uwa da na sani, zanen zumuntar mata iri ɗaya muke ɗaurawa, in ta ja waƙa a coci har tsigar jikin mutum tashi take yi, na ce gara kuɗina ya shiga hannun ta gida. Ta auna min mudu 5. Da na dawo na sake aunawa da mudun da mama ta bar min sai ga huɗu da ɗan wani abu, ko rabi bai kai ba. Ashe an bugi gindin mudunta ya shige ciki. Ba zan faɗi kasuwar ba balle sunanta, ba tonon asiri na zo yi ba, amma abin ya tsaya min a wuya tun safe shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

'Yan'uwa, in an ce mu yi koyi da Allah, da me za mu yi koyi? Ikonsa dai ba mu da shi, saninsa ma haka, babu wanda zai ce a yi haske haske ya kasance. Amma na lura yawancinmu ɓangaren iko muke so, mu ba da umarni, mu yi annabci, mu tsauta wa wannan mu ɗaure wancan. Alhali lokacin da Musa ya roƙi Allah ya nuna masa ɗaukakarsa, abin da Allah ya faɗa game da kansa a Fitowa 34:6 shi ne, shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci. Duk cikinsu babu wanda yake bukatar lasifika. A tsakar gida ake yin su, da bakin murhu, da cikin keke napep lokacin da direba ya ce ba shi da canji.

Don Allah in kun samu lokaci yau ku buɗe Littafin Firistoci sura 19, littafin da da yawanmu muke tsallakewa. A aya ta 2 Allah ya ce ku zama masu tsarki gama ni Ubangiji Allahnku mai tsarki ne. To da ni ce zan ci gaba da rubutun, da azumi da kwanan addu'a zan jera. Amma ku ga abin da Allah ya jera. In kana girbi kada ka share gonarka tas har gefe, ka bar kala domin matalauci da baƙo. Kada kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har gari ya waye. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe, wato mutanen da ko ka cuce su ba za su taɓa sanin kai ne ba. Kada ka riƙa yawo da tsegumi. Can aya ta 35 da 36 kuma ya zo kan ma'auni, ya ce sikeli da mudu su zama na gaskiya. Bayan kusan kowace doka sai ya ƙara da cewa, ni ne Ubangiji. Kamar yana cewa haka nake, ku ma ku zama haka. Kuma ba za mu ce Turanci ne ya yi mana nauyi ba, tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da su Dokta Miller na Zariya suka sha wahala a kai, kakanninmu da harshen da suke ciniki da shi suka karanta waɗannan ayoyi.

Maganar ɗan ƙwadagon nan ita ta fi ci min rai. Nawa ne cikinmu muke fitar da zakka a kan lokaci, da ambulan da suna a jiki, amma yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye tana mana wanki da raino wata uku ba ta ga ko sisi ba, makarantar da muka yi wa iyayenta alkawari ma shiru, in ta fasa kofi ɗaya kuma duk unguwa sai ta ji? Magini ya gama aiki yana ta zarya ana ce masa oga ba ya nan. Yakubu 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Yarinyar nan ba ta karanta littafin tauhidi ba, abin da za ta sani game da Allahn gidan nan shi ne abin da ta gani a hannun madam.

Mamana hatsi ta sayar har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na coci ta koyi karatu, amma Luka 6:38 a bakinta yake, mudu cikakke, a danna, a girgiza, har yana zuba, kuma mudun da ka auna da shi za a auna maka. In ta cika mudu ya yi tozo sai ta ƙara gyara da tafin hannu, in na yi ƙorafi cewa riba na tafiya sai ta ce ke, Allah yana miki gyara kullum, kin taɓa jin ya ƙirga? Sai da na girma na lura ayar tana zuwa ne jim kaɗan bayan Yesu ya ce ku zama masu jinƙai kamar yadda Ubanku mai jinƙai ne. Mu mun mai da ita ayar karɓar baiko kawai.

Kuma mama ba ta da mudu biyu, ɗaya na 'yan coci ɗaya na Hajiya. Wannan yana da wuya yanzu, na sani. Tun rikicin Jos na 2001 unguwanni suka rabu, zukata ma suka rabu, akwai waɗanda suka binne nasu kuma ba ni da bakin da zan ce musu abu ne mai sauƙi. Amma Matiyu 5:45 bai canza ba, Uba yana sa rana ta fito wa mugaye da nagargaru, yana sauko da ruwa wa masu adalci da marasa adalci. Duk wanda ya taɓa noma ya san hadari ba ya tsayawa a kan iyakar gona ya tambayi addinin mai ita. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari a Nghar Yelwa ta Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Duk lokacin da na tuna da dattijon nan sai in tambayi kaina ko ƙofata za ta buɗu haka da abin ya juya.

Ban ce rayuwa da sauƙi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai yana cinye ribar buhu, wataƙila 'yar'uwar nan kuɗin makarantar yara ne ya shaƙe ta, wataƙila ma kowa a layinsu haka mudunsa yake har ta daina ganin abin a matsayin laifi. Ina tausaya mata da gaske. Amma gara ta ƙara farashi ta faɗa min a fili da ta bugi mudu, domin wanda rabin mudun nan ya fi cuta ba ni ba ce, gwauruwar da ta zo da kuɗin mudu ɗaya tak ce, wadda tuwon daren 'ya'yanta ke cikinsa.

Da na gama aunawa raina ya ɓaci sosai, har na ɗauki waya zan sa maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp. Sai jinkirin fushin nan na Fitowa ya faɗo min a rai, da Matiyu 18:15 da ya ce ka je ka same shi ku biyu kaɗai, na ajiye wayar. Gobe in Allah ya kai mu zan koma da sassafe kafin kasuwa ta cika, in ja ta gefe mu yi magana. Na riga na wanke mudun mama na sa a jaka, ita zan bar wa shi in ta yarda ta karɓa.