Ni Labarai Kawai Nake Kallo

(Falon gidan wani ɗan fansho a Kano, daren Litinin bayan isha'i. Janareta na ta ƙugi a tsakar gida. Baba ya kishingiɗa a doguwar kujera, rimot na cikin aljihun gaban rigarsa, nan inda sauran mutane ke saka biro. Umma na gefe tana tsinke zogale a faranti. Baffa, ƙanin Baba, ya shimfiɗa daddumarsa dab da talabijin kamar yadda ya saba kullum. Auta ya yi sallama ya shigo ya durƙusa.)

AUTA: Baba barka da hutawa. Umma sannu da gida. Baffa ina wuni.

BABA: Matsa gefe, ƙeyarka ta tare min rabin allon.

AUTA: Baba ai talla ake yi.

BABA: Tallar ma da fetur ɗina ake haska ta. Matsa.

AUTA: Dama... daga gidan su yarinyar nan ne. An ce a turo.

UMMA: Ayyiririri! Alhamdulillahi, yau kam na ga ranar da nake ta roƙo, auta na zai zama magidanci!

BABA: Hajiya guɗar nan a rage mata murya mana. To madalla, Allah ya sa alheri. Ka dai san al'ada, uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, ga Baffanka nan shi ne waliyyinka. Ku tsayar da rana kawai, mu 'yan fansho me muke da shi in ba lokaci ba.

AUTA: To babanta a Kantin Kwari yake, ba ya shigowa gida sai bayan magariba, shi ne ya ce a zo bayan isha'i duk ranar da ta yi mana. Ni kuma na ce musu Asabar.

BABA: Wace Asabar?

AUTA: Wannan mai zuwa.

BABA: Da dare?

AUTA: Eh Baba.

BABA: Baffanka na da uzuri ran Asabar.

BAFFA: Ni Yaya? Wane uzuri kuma?

BABA: Kana da shi, ka manta ne.

UMMA: Kai Auta kamar ba a gidan nan aka haife ka ba, Asabar da dare ai Daɗin Kowa ake yi. Tun 2015 da Arewa24 suka fara shirin nan bawan Allahn nan bai taɓa yarda ya wuce shi ba, ranar da aka ba ni gado a asibiti ma da ya zo dubiya kafin ya ce min ya jiki sai da ya tambayi nas ko akwai talabijin a ɗakin jira.

BABA: Sharri dai ba kyau. Ni labarai kawai nake kallo, na NTA ƙarfe tara, tun ina ma'aikatar gona haka nake. Wasan kwaikwayo ai na mata da yara ne. Zama dai nake in sa ido kan tarbiyyar gida, in ga abin da ake nuna wa iyalina.

UMMA: Sa idon ne ya sa ka ƙi cin tuwo ranar da Adama ta yi wa Kamaye rashin kunya?

BABA: Wannan daban. Mutum talaka yana iya bakin ƙoƙarinsa mace ta tsaya tana masa tsiwa a gaban jama'a, ko waye ya gani ai sai ransa ya ɓaci.

AUTA: To Baba ai kai za ka zauna ka yi sa idonka, Baffa ne zai je.

BAFFA: Nan fa gizo ke saƙar, ɗana. Yaya minti goma yake yi ido biyu, daga nan sai gyangyaɗi, in ya farka sai ya zungure ni da ƙafa ya ce me ya faru, ni kuma in karanto masa tun daga farko har inda aka tsaya. In na yi kuskure kuma ya gyara min. Mutumin da yake barci fa!

BABA: Ba barci nake ba, ido nake hutarwa. Kunnena na aiki.

AUTA: Shi kenan, a mayar Lahadi.

BABA: Inna lillahi. Kai wai ba ka bin al'amuran ƙasa ne? Lahadi Kwana Casa'in. Kuma kar wanda ya ce min wasa ne, wannan darasin siyasa ne tsagwaronsa, tun 2019 nake bin gwamnatin Alfawa, wallahi duk abin da Bawa Maikada zai ƙulla kafin ya ƙulla na riga na gano shi.

AUTA: Baba Alfawa fa ba ta cikin jihohi 36.

BABA: To sai me? Wadda ke ciki me ta tsinana min? Can aƙalla in an saci kuɗi ana nuna min fuskar wanda ya sata, har ɗakin da aka raba.

BAFFA: Lokacin zaɓen 2023 sai da ya tambaye ni ko ana canja katin zaɓe zuwa can.

BABA: Kai kuma wa ya sa da kai.

AUTA: To Talata ko Laraba fa? Waɗannan dai na san ba wani shiri.

UMMA: Ƙwallo.

BABA: Ni ba na kallon ƙwallo, ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya, aikin banza. Kanu kawai nake dubawa, yaron kirki, mai ladabi, ya fitar da mu kunya a Atlanta 1996.

AUTA: Baba Kanu ya bar Arsenal tun 2004, ya ma daina buga ƙwallo gaba ɗaya tuntuni.

BABA: Shi ya sa nake duba benci. Mutum ba ya ɓacewa haka kawai.

AUTA: Kuma ni ke biyan kuɗin tashar nan duk wata, ashe benci ake kallo da shi.

BABA: Ni da na biya maka kuɗin makaranta shekara da shekaru me na kalla?

(Auta ya sunkuyar da kai. Baffa ya yi tari don ya ɓoye dariya.)

BAFFA: Alhamis fa Yaya? Ni dai Alhamis ba ni da komai.

BABA: Daren Juma'a guda? A'uzubillahi. Daren da nake kunna Sunnah TV in saurari karatu, shi za ku ɗauke min?

UMMA: Karatun da kafin malam ya gama bisimilla ka fara minshari. Kai Auta gwada wata rana ka gani, yana sharar barci bakinsa a buɗe carbi ya faɗi ƙasa, amma ka kai hannu kusa da aljihun nan kawai, ko taɓa rimot ɗin ba ka yi ba sai ka ji an ce "ina ji fa".

BABA: Ladan sauraro ai ba a ce sai ido biyu ba.

AUTA: Juma'a...

BABA, UMMA DA BAFFA: Labarina!

AUTA: Allah ya ba ku haƙuri. Saura Litinin kenan.

BABA: Yauwa, Litinin ba komai. Ka gani? Dama na ce maka mu ba ruwanmu da talabijin. Litinin mai zuwa Baffanka ya shirya.

UMMA: Wace Litinin ɗin? Ranar da za a buɗe fuskar amarya a indiyan nan nawa? Wa zai tayar min da janareta in Baffa ya fita, kai da ko igiyar ba ka iya ja sai ka ce kafaɗarka?

BABA: Ke ma dai da ɓata lokaci, wata uku ana saukowa daga bene ɗaya, a nuno fuskar wannan a buga ganga, a nuno ta wancan a buga ganga. Kuma ba ma amaryar ba ce a cikin lulluɓin, 'yar'uwarta ce wadda aka ce ta faɗa kogi, uwar mijin ce ta shirya komai da wannan mai gashin bakin, tun ranar da ta zuba abu a madara na ce matar nan ba za ta gama da duniya lafiya ba.

(Shiru. Kowa ya zuba masa ido.)

BABA: A labarai na ji.

UMMA: Na NTA ko?

BABA: Ku yaran yanzu ma me kuka sani a talabijin. Mu da muka ga na gaske, baƙi da fari, mai ƙofar katako da makulli, sai la'asar tasha ke buɗewa, dare ya yi a buga taken ƙasa a rufe kowa ya je ya kwanta. Lokacin Samanja ne a Kaduna, Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, in ya murɗa gashin baki ya haɗa Hausa da Turancin barikin nan nasa sai ka riƙe ciki. Ga Ƙasimu Yero, ga Karkuzu daga Jos. Da Rimi ya buɗe CTV a 1982 kuwa unguwarmu kaf gida ɗaya ne mai akwatin, yara ta taga suke leƙe, manya a tabarma, sai ka yi wanka ma a bar ka ka shiga.

AUTA: Gidan wa ne Baba?

BABA: Wani dattijo ne, ba ka san shi ba.

UMMA: Gidanmu ne. Kakanka. Ka ganshi nan, wai zance yake zuwa wajena, sai a aiko yaro a ce ana sallama da ni, in yi kwalliya in fesa turare in fito zaure, sai in tarar ba kowa, ashe yana ciki ya tanƙwashe ƙafa kusa da babana suna kallon kokawar Turawa, ana ta ihun Mighty Igor. Ranar da ba kokawa ko ƙeyarsa ba na gani.

BABA: Ai dai na aure ki.

UMMA: Bayan babana ya ce ko ka fito ko ka daina cinye masa gyaɗa.

(Janareta ya fara tari, hoto ya yi rawa, ɗif wuta ta ɗauke. Duhu.)

BABA: Kai! Saura kwata tara fa! Baffa ina man da aka sayo jiya?

BAFFA: Yaya lita biyu ce, tun magariba yake sha. Tun da aka cire tallafin nan a 2023 ai galan ɗin ma ya manta yadda cika take.

BABA: Su kuma masu wutar tun shekaranjiya ko ƙyalli. Auta haska min waya.

AUTA: (yana ƙunƙuni) Su gidan su yarinyar nan ko a jikinsu, ba sa ma sanin an ɗauke.

BABA: Me ka ce?

AUTA: Ba komai Baba.

BABA: Na ji ka ce wani abu. Maimaita.

AUTA: Cewa na yi sola ce da su, dare da rana wuta ba ta yankewa.

BABA: Har da talabijin take ɗauka?

AUTA: Har da firji da fanka.

BABA: Ban tambaye ka firji ba. Talabijin ɗin inci nawa?

AUTA: Ban auna ba, amma ta kusa cinye bango guda, ina jin za ta kai 65.

BAFFA: Allahu akbar.

BABA: Hajiya a fito min da babbar rigata mai aska takwas a kai wa mai guga. Asabar za mu je.

AUTA: Za KU je? Baba ai ka ce uba ba ya zuwa.

BABA: Al'ada ai mutane suka yi ta, ba saukar da ita aka yi ba. Mutum mai daraja irin wannan a tura masa Baffa shi kaɗai? Raini kenan. Da ƙafata zan je. Ka gaya musu kafin takwas muna ƙofar gida, kuma kar su wahalar da kansu da shimfiɗa a zaure, mu ba baƙi ba ne, falo ya isa.

AUTA: Alhamdulillahi. To in ya so a gama komai a ranar, a ba da kuɗin gaisuwa a sa rana, ni so nake kafin azumi a...

BABA: Kai tsaya. Aure ake yi ko tseren keke? Wannan Asabar gaisuwa ce kawai, a ga juna. Lahadi mu koma mu yi godiyar karɓar da aka yi mana. Asabar ta sama a fara tambayar asali. Sadaki kuwa ba a yanke shi a zama ɗaya, sai an yi ta kai da komo, wataƙila ma mu riƙa leƙawa Talata da Laraba don zumunci ya yi ƙarfi.

AUTA: To yaushe za a ɗaura kenan?

BABA: Bari mu ga yadda zangon nan zai ƙare tukuna.

UMMA: Ni ma fa ƙafata ƙafarku.

BAFFA: Haba Hajiya, mata ba sa zuwa neman aure ai.

UMMA: Ni Litinin zan je, ganin ɗakin amarya.

AUTA: Umma amarya ai gidanmu za a kawo ta, ɗakin yana nan.

UMMA: To in je in gaya musu yadda yake.

BABA: Tsaya ma tukuna, akwai tambaya mai muhimmanci, don bincike wajibi ne kafin a haɗa zuri'a. Rimot a hannun wa yake zama a gidan?

AUTA: A hannun kakarta. Ɗaure shi take a bakin zani.

BABA: Me take kallo?

AUTA: Tashar Makka, wadda ake nuna ɗawafi ba dare ba rana. Ba mai canjawa, ko babansu bai isa ba.

BABA: Masha Allah, tsohuwar kirki. Ƙarfe nawa take barci?

AUTA: Ba ta barci Baba, an ce sai ta yi asuba take kwanciya.

(Baba ya daɗe yana shafa gemu a hasken waya.)

BABA: Baffa, gobe da safe ka shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta, akwai wani rimot na 'yan Chana mai kama kowace irin talabijin, ka sayo ƙarami wanda zai ɓuya a hannun babbar riga.

BAFFA: Kuɗin fa Yaya?

BABA: Auta zai bayar. A rubuta a lissafin lefe.