Hasken rana ba ya warkar da shawarar jarirai

A Jos na sha jin iyaye suna cewa idan idon jariri ya yi rawaya, a fito da shi hantsi a ba shi ruwan gulukos, shawarar za ta wuce. Ba haka kawai suke faɗin wannan ba, domin shawara mai sauƙi takan bayyana a kwana na 2 ko na 3 ta kuma tafi da kanta cikin mako 2, sai a ɗauka ranar ce ta yi magani.

Abin da ke faruwa shi ne, jajayen ƙwayoyin jinin jariri suna rushewa su bar wani sinadari mai suna bilirubin wanda ke sa ido da fata su yi rawaya, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin fitar da shi da sauri ba. Nono akai-akai ne ke taimaka wa sinadarin ya fita ta kashi, gulukos kuwa cika cikin jariri yake yi ya rage shan nono. Jaririn da aka tuɓe a sanyin safiyar Jos ma sanyi zai kama shi.

Idan rawayar ta fito a ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan take a auna jininsa a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, domin sinadarin idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, har ya jawo kurumta.