Fijon Alhaji a Garejin Kwangila

Wani gareji ne a Kwangila, Zariya. Fijo 504 na kan jak, tayoyin gaba na lilo.

ALHAJI: Oga, tun daga Tudun Wada take mini ƙiii ƙiii kamar ƙyauren zaure. Anya ba sammu ba ne?

OGA: Ba sammu ba ne, ranka ya daɗe, bushin ne. Robar ƙafar gaba ta mutu.

ALHAJI: Ta mutu? Motar da aka haɗa nan Kaduna? Tun 1982 ban taɓa canja robar nan ba!

OGA: Ai shi ne. Ta girmi uban yaron nan.

ALHAJI: To a yanko mini a jikin tsohuwar taya. Roba ai roba ce.

OGA: Za ta kai ka Samaru. Dawowa kuwa sai dai a Keke.

ALHAJI: Hm. Sa sabuwar. Allah ya isa tsakanina da ramukan hanya.

YARO: Oga, ga guduma, ga baƙin mai.

OGA: Kai, ɗan nema! Gyaɗa za ka fasa? Baƙin mai yana cin roba, ya kumbura ta. Kawo ruwan sabulu, mu matsa ta a hankali ta shiga daidai. Kuma ka duba yadda tsohuwar ta fuskanta, haka sabuwar za ta zauna.

ALHAJI: Sabulun nan dai ba a kuɗina ba ko?

YARO: Oga, na ɗaure notin tamau!

OGA: Tana sama ka ɗaure? Kwance! Maza kwance!

ALHAJI: A'a, yaro ya yi aiki ka ce ya warware? Ko awa kuke lissafa mini?

OGA: Alhaji, in an ɗaure ƙafa tana lilo, da an sauke motar robar za ta murɗe, a murɗe za ta zauna, ba da jimawa ba ta yage. Sai an sauke ta, tayoyi sun taka ƙasa, ta ɗauki nauyinta, sannan a ɗaure.

ALHAJI: Nauyin da ta saba ɗauka?

OGA: Shi.

ALHAJI: To sai a kira Hajiya da amarya da yara tara, da buhun masara biyu na kasuwar Giwa.

OGA: Ba sai an tayar da gida ba. Kai kaɗai ka shiga ya wadatar.

(Aka sauke mota. Alhaji ya shiga, ta yi ƙasa.)

YARO: Oga, ta sauka da yawa, kaina ba ya shiga ƙarƙashi!

OGA: Alhaji, ɗan riƙe numfashi. Yauwa. Saura alaimen, a saita tayoyi, in ba haka ba ta cinye maka taya gefe ɗaya. Kuɗinsa daban.

ALHAJI: Madalla. Ni ma zaman nan da na yi muku kuɗinsa daban. Yaro, duba agogo, tun yaushe na shiga?