Shofaj ɗin motata da babbar rigar surukina

Waɗanda suka je ɗaurin auren nan na Matamai a watan Janairu sun riga sun ji labarin daga bakin taubashina, saboda haka ya kamata yanzu su ji shi daga bakin mai motar, wanda shi ne ya san inda gaskiya ta tsaya ƙari ya fara.

Motata tana cikin tsofaffin nan da suka gama aiki a Turai aka sauke su a Kwatano, kuma tun da na saye ta hannuna bai taɓa kai maɓallin zafi wajen jan layi ba, domin a Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kilim mai sanyaya mota ake nema, ba shofaj mai ɗumama ta ba. Amma da aka ce ni zan kai surukina Matamai bayan sallar asuba, cikin tsakiyar hunturu, ga shi dattijo mai fama da sanyin ƙashi, sai na ga lokaci ya yi da zan nuna masa cewa bai yi asarar ba ni ƴarsa ba. Na kai motar wurin bakaniken nan namu na Zango. Ya leƙa, ya ce ai abu ne mai sauƙi: wani ƙaramin lagireto ne a ɓoye can bayan rediyo, ruwan inji mai zafi yana ratsa shi, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa zuwa ga fasinja. Sai dai a tawa motar wani ya cire tiyo biyun da ke kai ruwa wurin, ya haɗa bakinsu da guntun bututu. Ya mayar da su mazauninsu, ya karɓi jika uku, bai tsaya ya tambayi kansa abin da zai sa mai hankali ya raba su tun farko ba.

Mun tashi daga Birni da sauran duhu. Baba yana gaba cikin sabuwar farar shadda, da rawani, da carbi a hannu, domin shi ne waliyyin amarya. A baya kuma taubashina ne, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya dai ji ƙamshin tafiyar kyauta. Muna hawa kwalta na ce, "Baba, yau ba za ku ji sanyi ba, in Allah ya yarda." Ya tambaya ko abin ba ya shan mai. Na yi masa bayani irin na aji, cewa kilim ne mai shan mai domin inji ne ke juya shi, shofaj kuwa zafin da inji zai zubar a banza ne ake tarowa, tun da ruwansa yakan kai wajen digiri 90. Baba ya ce madalla. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba tun da na auri ƴarsa.

Har muka kai Tirmini ba abin da ke fitowa sai iskar hunturu tsagwaronta, kuma a kan ƙafafun Baba take sauka. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, wanda ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya haura digiri 80 kafin ya sake shi zuwa babban lagireto. Bakanikenmu na nan sukan cire shi su yar, wai ƙasarmu ba ta buƙatarsa, kuma nawa bakaniken ne da kansa ya cire na motata tuntuni, amma ranar da ya karɓi jika uku bai ga dalilin tuna mini ba. In babu shi, ga sanyin asuba, ga gudu a kan kwalta, allurar zafi sai ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Baba ya naɗe ƙafafu, ya ja gefen riga ya rufe su, bai ce uffan ba. Taubashina ne ya ce, "Mushe, don Allah a rage kilim ɗin nan, akwai dattijo a motar."

Wannan magana ce ta sa na kai fanka kan lamba 4, na kuma murɗa maɓallin da ke karkatar da iska daga ƙafa zuwa fuska. Aka ji wani abu ya yi ƙas a ciki, aka ɗan yi shiru, daga nan duk abin da motar ta adana tun zuwanta Nijar ya fito gaba ɗaya: jar ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, da guntayen soson kujera, da tsummoki, da ɓawon gyaɗar da wani ɓera ya tara domin kansa. Ƙofar iskar da ke gefen fasinja kuwa matata ta daɗe da saita ta daidai fuska. Baba ya buɗe baki ke nan zai yi tasbihi. Na ga farin gemunsa ya koma ja tun daga ƙasa har saje, na ga ƙurar ta bi aikin da ke gaban rigar ta cika kowane zare, na kuma ga wani ɓawon gyaɗa guda ya tashi sama, ya juya, ya sauka a kan naɗin rawaninsa, ya zauna daram. Baba bai yi tari ba, bai kakkaɓe ba. Ya rufe ido, ya rufe baki, ya ci gaba da jan carbi. Na kashe fankar, amma ɓawon yana nan. Ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai miƙa hannu kan rawanin surukinsa? Kuma da wane baki zan ce, "Baba, akwai gyaɗa a kanku"? Na riƙa satar kallonsa ina fata wani rami zai girgiza motar ya faɗo, na ma bi ta kan ramuka da gangan, ɓawon bai motsa ba. Sai da muka hango Takeita Baba ya buɗe ido, ya kai hannu a hankali ya ɗauko shi, wanda ya nuna mini tun ɗazu ya san da zamansa, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Malam, ashe a Turai ma ana noman gyaɗa." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan mun karya kwana kudu rana ta fito, gudu ya ragu, inji ya ɗumama, zafin da na yi alkawari ya iso. Na ɗan samu natsuwa, har na ga Baba ya miƙe ƙafafu. Can sai gilashin gaba ya fara gumi daga ciki, warin tsatsa ya cika motar, a nan aka gane abin da ya sa wancan mutumin kirki ya raba tiyo: ƙaramin lagireton a huje yake. Jan ruwa mai ɗumi ya shiga ɗiga a gefen fasinja, a kan takalmin Baba da ƙafar wandonsa. Na murɗa maɓalli zuwa shuɗin layi, maɓallin ya fito a hannuna, wayar da ke jan shi ta maƙale a kan zafi. Ko da fanka a kashe, gudun mota kaɗai yana turo iskar, kuma kowa ya san gilashin wannan ƙofar ba ya sauka. Kafin mu kai Kance gumi ya haɗu da ƙura, fuskar Baba ta koma kamar bangon da aka yi wa sabon yaɓe.

A Kance muka tsaya na sayi piyawata na ɗura wa inji, taubashina yana tsaye yana sanar da masu shayi cewa a Damagaram mutane na bin layi da jarka, shi kuwa Mushe ban ruwa yake yi wa ƙafafun surukinsa. Wannan mutum fa ko keke bai taɓa mallaka ba. Bai ba da ko dala ta mai ba, bai taya ni ɗura ruwa ba, kuma tun kafin a shafa fatiha ya gama zagaye rumfa da labarin. A bakinsa ɓeran da ransa ya fito, ya bi ta hannun rigar Baba. Da aka koma gida ɓeran ya zama mace mai goyo. Makon jiya na ji a bakin masallaci cewa wai ni na ce wa Baba turaren Turawa ne. An ce ba a fushi da taubashi, na yarda, amma in watan cika-ciki ya zo ya aiko neman kuɗin shara, ɓawon gyaɗa zan auna masa.

Baba ya ɗaura auren cikin rigar aro wadda ta tsaya masa a gwiwa. Da za a dawo ya aiko yaro ya ce mini ya samu wanda zai rage masa hanya, kada in wahalar da kaina. Motar kasuwa ce, an ce har da awaki a bayanta.

Na mayar wa bakaniken motar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ai dama duk inda aka ga an haɗa tiyo haka to lagireton ya huje ne, wannan kowane yaron gareji ya sani. Sabo sai an aika Kano, kuma sai an kwance gaban motar duka kafin a kai gare shi. In kuwa mayar da shi yadda yake nake so, jika uku ne. Na ce to ya kawo guntun bututun nan da ya cire. Ya ce ya riga ya sa shi a motar wani, in dawo ranar Alhamis bayan an tashi daga kasuwar Dole, wataƙila ya samo wani.